Raven: Bindigar Da Doka Ta Haifa

A shekarar 1968, bayan kisan Martin Luther King da Robert Kennedy, majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar taƙaita bindigogi, Shugaba Lyndon Johnson ya sa mata hannu a watan Oktoba. Cikin abin da ta hana har da shigo da ƙananan fistol masu araha daga waje, irin waɗanda ake kawowa daga Jamus. Sai dai ba ta ce kome ba game da ƙera irinsu a cikin gida. An rufe ƙofa, an bar taga a buɗe.

George Jennings, wani mai ƙera sassan jiragen sama a kudancin Kalifoniya, ya hango tagar. A 1970 ya kafa kamfanin Raven Arms, ya fito da bindigar da daga baya aka sani da MP-25. Ba ta kai tsawon tafin hannun babba ba, tana cin harsashi shida, kuma kuɗinta bai kai dala 100 ba.

Harsashin ba sabo ba ne. John Browning ya tsara shi tun 1905, mai kaurin milimita 6.35, domin bindigar aljihu da kamfanin FN na Beljiyam ke ƙerawa da ƙarfe mai kyau. Dabarar Jennings tana wajen ƙarfen. Maimakon a feƙe jikin bindiga daga baƙin ƙarfe, aikin da ke cin lokaci da hannun ƙwararru, sai ya koma ga zamak, haɗin da yawancinsa tutiya ce, da ɗan alminiyam. Wannan yana narkewa a ƙasa da digiri 400, a zuba shi cikin mazubi kamar yadda maƙera ke zubin tukunya. Raunin harsashin ne ya ba da damar haka, tunda ƙarfin fashewarsa bai kai ya tsaga jikin ba. Shi kuwa bututun da harsashi ke bi, dole ya zama na baƙin ƙarfe.

An sayar da miliyoyi kafin gobara ta cinye masana'antar a 1991. Kafin nan sana'ar ta riga ta zama ta gida: ɗansa Bruce ya buɗe Jennings Firearms, surukinsa Jim Davis ya buɗe Davis Industries, duk a kewayen Los Angeles. Wani likita mai suna Garen Wintemute ya kira waɗannan kamfanoni da sunan zoben wuta a rahotonsa na 1994, inda ya nuna yadda 'yan sanda ke yawan tsintar kayansu a wuraren aikata laifi. Masu kare su suna cewa talaka ma yana da haƙƙin tsare kansa, kuma maganar ba ta banza ba ce.

Amma araha tana da inda take karɓar bashinta. A 1994 wata fistol ƙirar Bryco, kamfanin da ya fito daga zuriyar nan, ta tashi a hannun mai ƙoƙarin cire mata harsashi, ta shanye jikin wani yaro ɗan shekara 7. An tsara ta ne yadda sai an saki makullin kariya kafin a iya fitar da harsashin. A 2003 kotu ta ɗora wa kamfanin diyyar dala miliyan 24, ya durƙushe. Shekara ta zagayo, tsohon manajan masana'antar ya saye injinan, aka ci gaba da zubi da sunan Jimenez Arms.