Ko Kun Sani? Faifan da Aka Buga da Kuɗin Aro

Kalmar "indie" da ake laƙaba wa wasu waƙoƙin Turawa, asalinta ba sunan salon kiɗa ba ne. Gutsuren kalmar Turanci ce mai nufin cin gashin kai, wato mawaƙin da ya fitar da faifansa ba tare da ya raɓu da manyan kamfanonin waƙa ba.

A ƙarshen Disambar 1976, samari huɗu 'yan ƙungiyar Buzzcocks suka shiga situdiyo a birnin Manchesta na Ingila, suka ɗauki waƙoƙi huɗu a rana guda. Kuɗin aikin, wajen fam 500, rance suka yi a hannun dangi da abokai. A Janairun 1977 faifan ya fito da suna Spiral Scratch, a ƙarƙashin ɗan kamfanin da suka kafa da kansu, New Hormones. Hoton bangon ma manajansu ne ya ɗauka da kyamarar Polaroid, baƙi da fari, ba wani ado. A bayan bangon kuwa suka rubuta sau nawa aka maimaita ɗaukar kowace waƙa, abin da babban kamfani zai ji kunyar bayyanawa.

Kwafi 1,000 suka fara bugawa, kafin ka ce kwabo sun ƙare. Daga baya cinikin ya kai wajen 16,000.

Ƙananan kamfanoni irin wannan suka yi ta ɓullowa, har a 1980 aka buɗe musu nasu jadawalin ciniki na mako-mako a Birtaniya. Yau kuwa sunan ya koma kan salon kiɗan, har mawaƙin da babban kamfani ke ɗaukar nauyinsa ana ce masa indie.