Kafin ka ce a yi wa 'yar kwamfutarka fomatin

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, masu ƙananan laftof, 'yan tokumbon nan masu RAM giga 2 ko 4 da ma'ajiya giga 32, suke ta rububin sauya babbar manhaja. Sauyin ba laifi ba ne. Gangancin da ake yi wajen sauyin ne ya ishe ni.

Wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe a unguwarmu ta kai laftof ɗinta wurin mai gyara saboda ta yi nauyi. Ya kunna, ya ɗan latsa nan da can, ya ce sai fomatin. Ta ce to. Bai tambaye ta abin da ke ciki ba, ita ma ba ta ce uffan ba. Da la'asar ta karɓo kwamfuta fes, har da sabon hoton bango, amma babi uku na furojet ɗinta sun bi ruwa, haɗe da gyaran da malaminta ya sa ta yi. Ta koma shagon tana hawaye, shi kuma yana ta rantsuwa cewa ba a gaya masa ba. Dukansu da laifi, amma nata ya fi, domin aikin nata ne. Ga shi ma'ajiyar irin waɗannan injina, wadda ake kira eMMC, a manne take da allon cikin kwamfutar, ba a ciro ta a jona a wani wuri, kuma idan sabuwar manhaja ta hau kan tsohon aiki, da wuya ya dawo.

Haba jama'a! Filasha mai giga 16 nawa take? Mutum zai sayi datar kallon TikTok duk mako, amma ya yi ƙyashin sayen abin da zai ceci wahalar shekara guda. Kafin kowa ya taɓa maka kwamfuta, ka kwafe duk abin da ke Desktop da Documents da Downloads da hannunka. Sannan ka jona filashar a wata kwamfutar, ka buɗe takardun ka gani da idonka, don sau tari abin da aka kwafa inuwar fayil ce kawai, ainihinsa yana can. Muhimman kuwa ka tura wa kanka ta imel. Kalmomin sirrin da burauza ke riƙe maka su ma fomatin zai iya tafiya da su, ka rubuta su a takarda. Kada ka yarda da "zan ajiye maka" na mai gyara, kwamfuta nawa ce a gabansa?

Su kuma masu nacin sai Windows 11, ita tana neman aƙalla RAM giga 4, ma'ajiya giga 64 da abin tsaron nan TPM 2.0. Akwai dabarar tsallake sharuɗɗan, masu gyara sun iya ta, sai dai an ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan, kuma Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan injin sabuntawa ba.

Abin da ya fi dacewa da ƙaramin inji shi ne Linux mara nauyi, kamar Lubuntu ko Linux Mint Xfce, kuma kyauta ne. Ana iya kunna shi daga filasha a gwada ba tare da an goge komai ba. A nan za ka duba ko Wi-Fi na kamawa, sauti na fita, kyamara na aiki. Ka sani dai CorelDraw da Photoshop ba sa hawa kai tsaye, LibreOffice kuma yana buɗe takardun Word amma tsarin shafi kan ɗan goce.

In ka gamsu, kada a fara ɗorawa sai batir ya cika ko akwai janareta a kusa. Kuma filashar da ka kwafe aikinka a ciki daban, wadda za a ɗora manhaja da ita daban, domin ita wannan sai an share ta tas kafin a zuba mata manhajar.