Sauraro Ma Magani Ne: Wata Hanyar Warkar Da Damuwa

A garin Rano da ƙauyukan Kibiya, idan baƙin ciki ya danne mutum, ko don rasuwa, ko mutuwar aure, ko asarar amfanin gona, abin da yakan fara ji daga bakin dattawa shi ne, "Yi haƙuri." Galibi sai abu ya faskara, mutum ya daina barci da cin abinci, sa'an nan dangi su ɗauke shi zuwa Asibitin Dawanau da ke Kano.

Masana halayyar ɗan Adam suna da wata hanya da ke tarar cutar tun ba ta yi nisa ba. Wanda ya assasa ta shi ne Carl Rogers, mutumin Amurka, wanda ya rasu cikin 1987. Cikin 1957 ya bayyana sharuɗɗan da ake bukata ga mai ba da taimako. Manya daga cikinsu uku ne: ya kasance mai gaskiya ba tare da riya ba, ya karɓi mai damuwa yadda yake ba tare da zargi ba, kuma ya yi ƙoƙarin jin abin kamar yadda mai shi yake jinsa.

A nan ne hanyar ta bambanta da nasihar zaure. Mai nasiha shi ke magana, a saurare shi. A wajen Rogers kuwa, mai damuwa shi ke jan zance, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai taimako yakan maimaita masa abin da ya fahimta, har mutum ya gane abin da ke cinsa.

Abokin aikinsa, Eugene Gendlin, ya ƙara da cewa damuwa takan bayyana a jiki kafin a sami kalmar faɗarta. Bahaushe ya san haka, tun da yakan ce ƙirjinsa ya yi nauyi.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce ga irin wannan tunani. Cikin 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara sauke masu jinya tare da danginsu a gidajen mutanen ƙauye a Aro, kusa da Abeokuta, maimakon kulle su.

Sai dai sauraro ba ya maye gurbin likita idan taɓin hankali ya yi tsanani. Amma ma'aikacin ɗakin shan magani na Kibiya da aka koya wa sauraro zai iya rage wa iyali da yawa doguwar tafiya zuwa Dawanau.