Gizagizan Majalan: Maƙwabtan da Ke Leƙowa Daga Kudu

Duk wanda ya kwana a waje a Wurno, Rabah ko Goronyo a daren da babu farin wata ya san farar hanyar nan da ke ratsa sararin samaniya. Larabawa na kiranta al-Majarra, Turawa kuma Hanyar Madara. Gungu ne na taurari fiye da biliyan 100, kuma Rana ɗaya ce daga cikinsu.

Wannan babban gungu yana da 'yan rakiya, tamkar sarki da fadawansa. Masana sun gano ƙananan gungu kimanin 60 da ƙarfin jansa ya riƙe a kewayensa. Galibinsu sai da madubin hangen nesa ake ganinsu, amma biyu suna bayyana ga ido, wato Gizagizan Majalan, waɗanda aka laƙaba wa sunan matuƙin jirgin ruwan da ayarinsa ya kewaye duniya tsakanin 1519 da 1522. Hasken babban yana shafe shekara kimanin 160,000 kafin ya iso duniya, na ƙaramin kuwa kimanin 200,000, alhali haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda.

Mutanen Turai ba sa ganin waɗannan gizagizai daga ƙasashensu. Amma garuruwan nan na gabashin Sakkwato suna kan digiri 13 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka babban girgijen yakan ɗago da kimanin digiri 7 sama da doron ƙasa ta kudu, ƙaramin kuma digiri 4. A tsakiyar Janairu, wajen ƙarfe 10 na dare, mai nema sai ya fuskanci kudu, ya sami tauraron nan mai ƙyalli da Larabawa ke kira Suhail, sannan ya duba ƙasa da shi, ɗan dama kaɗan. Cikas ɗin shi ne lokacin ya zo daidai da hunturu, ƙura kuwa ta fi kauri a ƙasa-ƙasa. Sai an dace da daren da hazo ya kwanta, a fili nesa da fitilu.

Me ya sa masana suka damu da su? A 1912 Henrietta Leavitt ta nazarci taurarin ƙaramin girgijen masu ƙara haske suna ragewa, ta gano ƙa'idar da aka gina awon nisan sauran gungu a kanta. A Fabrairun 1987 wani tauraro ya fashe a babban girgijen, aka ga haskensa da ido. A 1994 kuma aka gano gungun Sajitariyus, wanda ƙarfin jan Hanyar Madara ke yayyagawa yana haɗiye taurarinsa. Ashe babban gungu yana ƙara ƙiba ne da cin ƙanana.

Malamin kimiyya da ba shi da kayan gwaji yana iya fita da ɗalibansa filin makaranta a daren Janairu. Su rubuta kwanan wata, lokaci da yanayin hazo, ko sun ga girgijen ko bai fito ba. Da irin wannan rubutu na haƙuri ilimin taurari ya faro.