Yadda Ƙauyuka da Garuruwan Kasuwa Suka Zauna a Ingila

In ka duba taswirar Ingila wadda aka zana iyakokin ƙauyuka a cikinta, za ka ga ƙasar duka a yayyanke ta ke ƙanana ƙanana. Kowane yanki sunansa farish da bakin mutanen can, watau ƙasar da majami'a guda ke riƙe da ita. Iyakokin nan tsofaffi ne ƙwarai, gama tun wajen shekara ta 1200 an riga an tsai da yawancinsu.

Ga mafarinsu. A zamanin da, mai ƙasa ya kan gina majami'a kusa da gidansa, ya sa mata limami. Abincin limamin nan kuwa daga ushiri ya ke fitowa, watau ɗaya cikin goma na amfanin gona da na dabbobi, hatsi da ciyawa da gashin tumaki da 'yan raguna. To, da ya ke haka ne, tilas a san kowace gona ga wace majami'a za ta kai ushirinta. Daga nan iyaka ta samu.

Zanen nan ba da ka aka yi shi ba. A kudu, wajen Wiltshire da Sussex, inda tuddan alli su ke, farish ta kan zama doguwa siririya, kanta a bisa tudu, ƙafarta a bakin rafi. Ta haka kowane ƙauye ya sami rabonsa na ruwa da fadama da gona da makiyayar tumaki. A arewa kuwa, inda duwatsu suka yi yawa, mutane kaɗan, sai ta yi faɗi. Farish ta Halifax kaɗai ta haɗa ƙauyuka fiye da 20, mutum ya yi tafiya mai nisa kafin ya kai gawar ɗan'uwansa makabarta.

Da babu taswira, a kan mutane a ke ajiye iyaka. Kowace shekara limami da dattawa su kan zaga ta da ƙafa, yara na biye. In an zo ga dutse ko itacen da ke alama, sai a ɗaga yaro a buga shi a kai, don kada ya manta wurin har ya tsufa. Dabara ce mai zafi, amma ta yi aiki.

Daga baya hukuma ta ɗora wa farish kaya. A 1538 aka umarci kowace majami'a ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. A 1601 doka ta ce kowace farish ta tara kuɗi ta ciyad da matalautanta. A 1662 aka ba da ikon mai da baƙo matalauci farish tasa ta asali, don kada ya zama nauyi ga waɗansu. Kun ga ashe iyakar nan ba wasa ba ce. Ita ke faɗin wanda zai ba tsoho abinci ran da ƙarfinsa ya ƙare.

Amma ƙauye ba ya iya yi wa kansa kome da kome. Manomi na bukatar gishiri da ƙarfe, da kuɗin biyan mai ƙasa, sai fa kasuwa. Kasuwa kuwa ba ta ci sai da takardar izni daga Sarki, wanda ya samu shi ke karɓar kuɗin rumfa da na awo. Saboda ribar nan manya suka yi ta kafa garuruwa. Bishop na Worcester ya kafa Stratford a bakin kogin Avon a 1196, aka ja hanyoyi, aka yanka filaye dogaye, kowane da kansa a bakin titi, domin kowa ya sami ƙofar ciniki. Shi ya sa har yau babbar hanyar garuruwa irin su Marlborough ta ke da faɗi ainun, nan ne a ke tsai da shanu da kekunan kaya. In ka ji sunan gari ya fara da Chipping, kamar Chipping Norton, ma'anarsa kasuwa a tsohon harshensu.

Da kasuwanni suka yi yawa sai gardama ta tashi. Wani littafin shari'a na ƙarni na 13, wanda a ke danganawa ga alƙali Bracton, ya yi lissafi haka: tafiyar yini mil 20 ce, a raba ta uku, kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na ciniki, ɗaya na komowa kafin dare. Saboda haka sabuwar kasuwa in ta kusanci tsohuwa da abin da ya gaza mil 6 da sulusi 2, ta cuce ta. Duk wanda ya taɓa ɗaukar kaya zuwa cin kasuwa ya san lissafin nan da hankali a ciki.

Annobar 1348 da 1349 ta kashe kamar sulusin mutanen ƙasar, ko fiye. Bayanta ƙananan kasuwanni da yawa suka mutu, garuruwansu suka koma ƙauyuka, waɗanda ke bakin gada ko mararraba suka daɗa ƙarfi. A 1834 aka haɗa farish da yawa wuri guda don sha'anin matalauta, yawanci garin kasuwarsu ne aka mai da cibiya, tun da can ƙafar kowa ta saba zuwa. A 1894 aka karɓe aikin mulki daga hannun majami'a, aka ba majalisar da mutanen ƙauye ke zaɓa.