Jiran Shari'a: Wani A Gidansa, Wani A Kurkuku

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana damun masu hankali a ƙasar nan, watau yadda shari'ar manyan 'yan siyasa ta ke shekara da shekaru a kotu ba ta ƙarewa. Mutane da yawa suna tsammanin aibin ya tsaya ga jinkiri kurum. To, jinkiri kam ya shafi babba da yaro. Abin dubawa shi ne wurin da kowa ya ke zama sa'ad da ya ke jiran. Tsohon gwamna yana jira a gidansa, wani lokaci ma a bisa kujerar Majalisar Dattawa, talaka kuwa yana jira a kurkuku. Bari mu ɗauki shari'a guda mu bi ta daga farko har ƙarshe, don mai karatu ya auna da kansa.

Shekara Goma Sha Ɗaya

Joshua Dariye ya yi gwamnan Jihar Filato tsakanin 1999 da 2007. Cikin 2004 'yan sandan Ingila suka kama shi a Landan bisa zargin ɓoye kuɗin da ba na halal ba, aka ba shi beli, ya dawo gida bai koma ba. A nan kuwa ba dama a taɓa shi, domin sashe na 308 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a kai shugaban ƙasa ko gwamna ko mataimakansu gaban kotu muddin suna kan mulki. Da ya sauka a 2007 sai hukumar EFCC ta gurfanar da shi a Babbar Kotun Abuja a kan naira miliyan 1,162, kuɗin da Gwamnatin Tarayya ta ba jihar don gyaran ƙasar da ta lalace.

Lauyoyinsa ba su fara da maganar ya ci ko bai ci ba. Suka ce kotun Abuja ba ta da ikon jin ƙarar. Alkali ya ce tana da iko, suka ɗaukaka ƙara. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce tana da iko, suka wuce Kotun Ƙoli. Sai a 2015 Kotun Ƙoli ta kori maganarsu, ta ce a koma a fara shari'a. Shekara takwas ke nan ba a shiga jin shaidu ba. Cikin wannan tsakani mutumin ya tsaya zaɓe, ya ci kujerar sanata a 2011, ya sake ci a 2015, yana cikin masu yi wa ƙasa doka.

A watan Yuni na 2018 aka same shi da laifi, aka yanke masa ɗaurin shekara 14. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage zuwa 10, Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2021. A watan Afrilu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari, da shawarar Majalisar Ƙasa, ya yi masa afuwa tare da Jolly Nyame, tsohon gwamnan Taraba, wanda shi ma aka kai shi kotu a 2007, aka ɗaure shi a 2018. Lissafin ba wuya: shekara goma sha ɗaya ana shari'a, zaman kurkuku kuwa shekara huɗu da ɗoriya.

Wasu ma ba su kai haka ba. Orji Uzor Kalu na Jihar Abiya an kai shi kotu a 2007, aka yanke masa shekara 12 a watan Disamba na 2019. A watan Mayu na 2020 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin, domin alkalin da ya yanke shi an riga an ɗaga shi zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, ba shi da ikon komowa ya zauna a ƙaramar kotu. Aikin shekara goma sha biyu ya rushe ba tare da an ce komi game da kuɗin ba. James Ibori na Jihar Delta kuwa, wata kotu a Asaba ta kori tuhuma 170 da aka yi masa a 2009. A 2012 shi da bakinsa ya amsa laifi a wata kotu a Landan, aka ɗaure shi shekara 13.

Ɗaya Ƙofar Kotun

Yanzu mu juya wajen talaka. A ce an yi fashi a wata unguwa, 'yan sanda suka kwashi samari. Sai a kai su gaban majistare, alhali majistare ba shi da ikon jin ƙarar fashi ko kisan kai. Abin da zai iya shi ne ya ce a tsare su a gidan yari har a sami shawarar lauyoyin gwamnati. Fayil ya tafi Ma'aikatar Shari'a. In an canja wa ɗan sandan da ya yi binciken wurin aiki, ko fayil ɗin ya ɓace, shi ke nan, yaro yana ciki, ba mai tunawa da shi sai uwarsa. Wanda laifinsa ƙarami ne kuwa a kan ba shi beli, amma a ce ya kawo mai tsaya masa wanda ya ke da gida a gari, ko babban ma'aikacin gwamnati. Ina ɗan ci-rani zai sami irin wannan mutum?

Shi ya sa wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Nijeriya ba a yanke musu hukunci ba, jira su ke yi. Ga shi kuwa sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ce kada a tsare mai jiran shari'a fiye da tsawon ɗaurin da laifinsa zai jawo masa in an same shi da shi. Dokar tana nan a rubuce. Mai kuɗi yana da lauyan da zai karanto wa alkali ita, talaka bai ma san da ita ba.

Har wajen nauyin hukunci ma mudu biyu ne. A 2013 wani babban ma'aikaci na ofishin fanshon 'yan sanda ya amsa laifi a kan kuɗi fiye da naira miliyan dubu 20. Aka ce ya yi shekara biyu ko ya biya tarar naira 750,000, ya biya ya tafi gida. Sai a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta gyara, ta ba shi shekara shida. Duk wanda ya taɓa zama a kotun majistare ya san ɓarawon akuya ba ya samun irin wannan sauƙi.

Asarar Da A Ke Yi

Hausawa sun ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Amma in ranar mai kaya ta daɗe ba ta zo ba, ko ta zo ba ta tarar da kayan. Shaidu suna mutuwa, wasu su manta, takardu su ɓace, a canja alkali a koma farko. Kuɗin ma kansa yana zubewa: a 2007 dala ɗaya ba ta kai naira 130 ba, a 2018 ta wuce 300, watau ko an karɓo kuɗin duka ba zai gina rabin asibitin da zai gina a da ba. In kuwa wanda a ke tuhuma ba shi da laifi, shi ma an zalunce shi, domin ya yi shekaru da baƙin suna ba a wanke shi ba.

Asarar da ta fi waɗannan ita ce ta amana. Malamin makaranta yana koya wa yara cewa doka ba ta san babba ba, yaran kuwa suna jin labarin ƙasa a rediyo. Akawu da a ka ba riƙon kuɗin hukuma yana ganin yadda na sama da shi su ka ƙare. Da wace hujja za a ce masa ya riƙe hannunsa?

Magani

Ba a rasa doka ba. Dokar gudanar da shari'ar laifi ta 2015 ta hana a dakatar da shari'a don an ɗaukaka ƙara a kan wata 'yar magana ta gefe. Ta ce a riƙa zama kullum, in ba hali kada kowane ɓangare ya nemi ɗagewa fiye da sau biyar. Ta kuma ce majistare ya riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda kowane wata ya ga waɗanda a ke tsare da su. Sashen da ya ba alkali izinin komowa ya ƙarasa shari'a bayan an ɗaga shi, shi ne Kotun Ƙoli ta ce ya saɓa wa Tsarin Mulki, saboda haka gyaransa yana hannun 'yan majalisa.

Kuma sun san hanyar gyaran sarai. Da shari'ar zaɓe ta dame su, sai suka gyara Tsarin Mulki, suka sa wa kotun zaɓe wa'adin kwana 180, ɗaukaka ƙara kuma kwana 60, kuma ana cikawa. Tun da ya ke an iya yanke maganar kujera cikin wata shida, lalle ana iya sa wa maganar dukiyar jama'a wa'adi, a kuma sa wa tsare talaka ba shari'a wa'adi. Wannan ita ce tambayar da ya kamata kowa ya yi wa wakilinsa in ya zo neman ƙuri'a.

Ku kuma akawuna, kada ku ga kamar abin ya fi ƙarfinku. Fayil ba ya tafiya da ƙafarsa, hannunku ya ke bi. Wanda aka kwantar cikin aljihun tebur don wani babba ya roƙa, da wanda aka manta da shi don mai shi ba kowa ba ne, duka a ofis guda su ke kwana. In takardar mai jiran shari'a ta zo gabanka, Malam, duba ranar da aka kama shi, ka ƙirga watannin, sa'an nan ka miƙa ta gaba a ranar.