Ko Kun Sani? Naman Gwaji Ma Yana Tsufa

Idan an yi wa majinyaci daga Gwarzo ko Kabo tiyata aka ciro ƙari, akan jefa ɗan yankin naman a kwalbar ruwan fomalin, a aika ɗakin gwaji irin na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A can ake tsane masa ruwa, a daskarar da shi cikin kakin kyandir, ya koma ɗan dunƙule kamar kwalin ashana. Da haka yakan shekara 50 ko fiye, kamanninsa na nan daram a madubin likita.

Ƙwayoyin gado na DNA da ke cikinsa ne ba sa shan daɗi. Fomalin yana manne su da sauran sinadaran nama, yana kakkarya su, wani lokaci har ya sauya wani harafi daga cikinsu, na'urar da ke karanta su ta nuna illar da babu ita a jikin mara lafiya. Zafin bazara da danshin damina suna ƙara lalata su a ma'ajiya. Jinkiri a hanya ma ba ƙaramar matsala ba ce: a gwajin sankarar mama, ƙa'ida ita ce naman ya zauna a fomalin awa 6 zuwa 72 kawai.

Duk da haka gutsattsarin na da amfani. A 2008 masana suka tsamo guntayen ƙwayar cutar ƙanjamau daga naman wata mata da aka adana a Kinshasa tun 1960, suka ƙiyasta cewa cutar ta shiga mutane tun farkon ƙarni na 20.